Nahawun Turanci Daga Tushe: Jagora Ga Wanda Ya Tashi Da Hausa

Duk wanda ya zauna a ajin firamare a Kano ko Gusau ko Damaturu ya san waƙar nan: malami ya tambayi mene ne *noun*, aji ya ɗauka da murya ɗaya, *a noun is a name of any person, animal, place or thing*. Haddar ta zauna daram, har tsufa ba a mantawa. Amma ka miƙa wa yawancin waɗanda suka rera ta takarda, ka ce su rubuta wasiƙar neman hutun kwana uku a wurin aiki, sai ka ga biro ya tsaya cak. Ba ƙwaƙwalwa ce babu ba. Hanyar ce aka biyo ta baibai, aka fara da haddar sunayen abubuwa kafin yaro ya ga abubuwan suna aiki a cikin magana.

Lamarin kuwa ba na wasa ba ne. A Najeriya ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci a jarabawar WAEC ko NECO, kuma kowane kwas ɗalibi zai nema, takardar Turanci dole ce a JAMB. Fom ɗin banki, takardar asibiti, wasiƙar neman aiki, duk da Turanci suke zuwa. Ina jin ciwon ganin haziƙin yaro mai lissafi kamar me yana maimaita jarabawa shekara bayan shekara saboda abubuwan da za a iya gyara masa cikin 'yan watanni.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: kai da kake jin Hausa ka riga ka mallaki cikakken nahawu a kanka. Ba ka taɓa cewa "yarinya ya zo" ko "motoci ta tsaya" ba, alhali ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka dokar. Aikinka yanzu shi ne ka jera Hausa da Turanci kafaɗa da kafaɗa, ka ga inda suka tafi tare da inda suka raba hanya. Wuraren rabuwar ba su da yawa, kuma kusan duk kurakuran Bahaushe a nan suke taruwa.

Kafin ka fara

Nemi littafin rubutu guda biyu, ɗaya na jimloli, ɗaya na kurakurai. Nemi ƙamus. Idan ka samu na Turanci zuwa Hausa wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, madalla. Idan ba ka samu ba, ƙamus ɗin Cambridge yana intanet kyauta, kuma yana furta maka kalma idan ka danna alamar lasifika. Sai ka ware minti talatin kullum, lokacin da gida ya yi shiru, bayan asuba ko bayan isha'i. Minti talatin kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi nesa ba kusa ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka wuce mataki sai ka iya rubuta jimla goma taka ta kanka a kansa ba tare da leƙa littafi ba.

Mataki na ɗaya: fara da jimla

Ga albishir. Tsarin jimla a Hausa da Turanci ɗaya ne: mai aiki, sannan aikin, sannan wanda aikin ya faɗa wa. "Audu ya sayi rago." *Audu bought a ram.* Audu a gaba, saye a tsakiya, rago a ƙarshe. Mai jin Japananci ko Turkanci sai ya juya tunaninsa kafin ya saba da wannan jeri, domin su aikatau, wato kalmar aikin, a ƙarshen jimla yake zuwa. Kai kuwa a hannu ka same shi.

To amma dubi jimlar Hausar da kyau. Akwai "ya" tsakanin Audu da saye. Malaman nahawun Hausa suna kiran wannan ƙaramar kalma zagin aikatau, kuma jimlar Hausa irin wannan ba ta tsayuwa sai da ita. Turanci ba shi da ita. Idan ka ambaci sunan mutum, aikatau ne ke biye kai tsaye. Daga nan ne kuskuren *Audu he bought a ram* da *my mother she is sick* ke fitowa: mutum ya fassara "ya" da "ta" ba tare da ya sani ba. Ko dai ka ce *Audu bought*, ko ka ce *he bought*, ba a haɗa su.

A ɗaya ɓangaren kuma, Turanci ba ya yarda a bar gurbin mai aiki wayam, ko da babu wani mai aikin a zahiri. Mu mukan ce "ana ruwa", su sai sun ce *it is raining*. "Akwai matsala" ta zama *there is a problem*, "akwai mutane a waje" ta zama *there are people outside*. Wanda ya rubuta *is raining* ko *is a problem* kawai ya bar jimlarsa ba kai.

Sifa ba za ta ba ka wahala ba. A Hausa sai ka lura da jinsi da adadi: babban gida, babbar riga, manyan gidaje. Kana kuma iya kai ta baya ka ce "gida babba". A Turanci kalma ɗaya ce ba ta canzawa, kuma gaban suna take zama: *a big house*, *a big gown*, *big houses*.

Mataki na biyu: wakilan suna

Bakwai ne: *I, you, he, she, it, we, they*. "Kai" da "ke" da "ku" duk *you* ne, wannan sauƙi ne. Inda ake zamewa shi ne *it*. A Hausa babu abin da ba namiji ko mace ba: mota "ta" lalace, gida "ya" rushe, rana "ta" faɗi. A Turanci *he* da *she* na mutane ne, sai dabbar da aka san jinsinta. Sauran duk *it* ne. Mota ta lalace, *it broke down*.

Biyar daga cikinsu suna da siffar da suke ɗauka idan aiki ya faɗa musu: *I* ya koma *me*, *he* ya koma *him*, *she* ta koma *her*, *we* ya koma *us*, *they* ya koma *them*. Ka san wannan a Hausa, domin kana cewa "ya gan ni", ba ka cewa "ya gan na". Mallaka kuma mai abu take bi, ba abin ba: *his car* motarsa, *her car* motarta. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci su kula da wannan sosai, domin a Faransanci kalmar mallaka jinsin abin da aka mallaka take bi, a Turanci kuwa jinsin mai shi.

Mataki na uku: am, is, are

"Ne" da "ce" a ƙarshen jimla suke zama. Takwarorinsu na Turanci a tsakiya suke, kuma ba a tsallake su. "Ni malami ne", *I am a teacher*. "Ita likita ce", *she is a doctor*. "Suna gida", *they are at home*. Idan abin ya shuɗe, *am* da *is* su koma *was*, *are* ta koma *were*.

Riƙe waɗannan guda uku, don kullum za ka buƙace su. "Ina da kuɗi" *I have money* ne, ba *I am with money* ba. "Shekarata ashirin" *I am twenty years old* ne. "Ina jin yunwa" kuma *I am hungry* ne, babu kalmar ji a ciki ko kaɗan.

Mataki na huɗu: lokaci, inda aikin yake

A nan nake so ka daɗe. Ko wata guda ka yi a wannan mataki ba ka yi asara ba.

Dubi waɗannan: na tafi, zan tafi, nakan tafi. "Tafi" bai motsa ba. Abin da ke gaya maka ko jiya ne ko gobe ko kullum shi ne ƙaramar kalmar da ke gabansa. A Hausa zagi ne ɗan dakon lokaci, aikatau yana tafiya hannu rabbana. A Turanci babu ɗan dako, aikatau da kansa yake ɗaukar kayansa, shi ya sa *go* ke rikiɗa ya zama *goes, went, gone, going*. Bahaushe da ya saba barin aikatau yadda yake sai ya rubuta *yesterday I go*, yana ganin ai *yesterday* ta riga ta faɗi lokaci. A Turanci ba ta isa ba, sai aikatau ma ya faɗa.

Littattafan nahawu sukan jero lokuta goma sha biyu, abin ya tsorata mai koyo. Biyar sun ishe ka a yanzu:

Nakan ci, *I eat*.
Ina ci yanzu haka, *I am eating*.
Na ci jiya, *I ate yesterday*.
Na riga na ci, *I have eaten*.
Zan ci, *I will eat*.

Tarko na farko yana cikin "ina". Mukan ce "ina zuwa kasuwa yanzu", mukan kuma ce "ina zuwa kasuwa kullum", duk da "ina" ɗaya. Turanci ya raba su. Abin da ke faruwa a daidai wannan lokaci shi ke ɗaukar *am going*. Abin da aka saba yi, ko gaskiyar da ba ta canzawa, *I go* ne: *I go to the market every day*. Kafin ka sa *-ing*, tambayi kanka: yanzu-yanzu ne, ko al'ada ce? Kuma akwai aikatau da ba sa son *-ing* ko da yanzun ne, su ne na sani da so da mallaka: *know, understand, want, believe*, da *have* idan tana nufin mallaka. *I am having a car* kuskure ne duk da yawan jin sa da kake yi a gari. *I have a car* ake cewa.

Tarko na biyu yana cikin "na", kuma ya fi na farko zurfi. "Na" na Hausa ba shuɗaɗɗen lokaci kaɗai yake nunawa ba, yana nuna abin da ya tabbata. Idan ka ce "na sani", ba kana nufin ka sani jiya ka manta yau ba. Don haka *I know* ne, ba *I knew* ba. "Na gane", *I understand*. "Na gaji", *I am tired*. "Na yarda", *I agree*, kuma ba a sa mata *am*.

Sai rikicin *I ate* da *I have eaten*, waɗanda duka "na ci" ne a wurinmu. Ga ma'auni mai sauƙi. Idan ka ambaci lokacin da abin ya faru ya wuce, kamar *yesterday, last week, in 2020*, to siffar *ate* da *went* da *saw* ce dole. *I saw him yesterday* daidai ne, *I have seen him yesterday* kuskure ne. Idan kuwa ba lokacin ne damuwarka ba, sakamakon ne a yanzu, sai ka ɗauko *have*. Uwar gida ta kawo maka tuwo ka ce *I have eaten*, wato cikina a cike yake yanzu. Wannan siffa ce kuma ke ɗaukar "tun". "Ina zaune a Zariya tun 2015" za ta ja ka ka rubuta *I am living in Zaria since 2015* saboda "ina" ɗin nan. Daidai shi ne *I have lived in Zaria since 2015*. *Since* tana bin lokacin da aka fara, *for* tana bin tsawon lokacin: *for ten years*.

Akwai kuma ɗan harafin *s* da ke cinye wa ɗalibai maki ba adadi. A lokacin al'ada, idan mai aikin *he* ne ko *she* ko *it* ko mutum ɗaya, aikatau yana ɗaukar *s*: *she cooks, Musa drives, it works*. Dabarar tunawa: dubi *the boy plays* da *the boys play*. Harafin yana wuri ɗaya ne, ko a jikin suna ko a jikin aikatau. *Have* ma tana komawa *has*. Amma bayan *will, can, must, should*, aikatau tsirara yake zuwa: *he can drive*, ba *he can drives* ba.

Yawancin aikatau *-ed* kawai suke ɗauka su shiga shuɗaɗɗen lokaci: *work, worked*. Wani abu game da wannan *-ed* ya kamata ka sani. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, shi ya sa *bread* ya zama burodi, *flour* ta zama fulawa. Idan Bahaushe ya zo furta *worked* ko *asked*, sai ya yar da sautin ƙarshe don ya samu sauƙi, kuma abin da baki ya yar, hannu ma yakan yar da shi a rubutu. Ka riƙa furta ƙarshen da gangan. A *worked* sautin t ne, a *played* sautin d ne, a masu ƙarewa da sautin t ko d, irin *wanted* da *needed*, kaɗai ake ƙara gaɓa.

Sauran su ne masu taurin kai, waɗanda ba sa bin doka. Wajen ɗari biyu ne ake amfani da su, kuma su ne aka fi buƙata kullum: ci, sha, tafiya, gani, saye. Babu makawa sai hadda, amma kada ka bi su bisa jerin abacada yadda suke a bayan littafi. Tara su dangi-dangi. *Buy, bring, think, teach, catch* duk ƙarshensu ɗaya: *bought, brought, thought, taught, caught*. *Sing, sang, sung* tana tafiya da *drink, begin, ring, swim*. *Cut, put, hit, shut, cost* ba sa canzawa sam. Biyar a rana, kowanne da siffofinsa uku, kowanne ka sa shi a jimla game da rayuwarka. Cikin wata biyu ka gama da su.

Mataki na biyar: korewa da tambaya

Mu da "ba … ba" muke kore magana. Turanci *not* yake sawa, amma *not* ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai ta jingina da mataimaki. Idan jimlar tana da *am, is, are, was, will, can*, ko *have* irin ta *I have eaten*, shi ke nan, sai ka liƙa mata: *she is not here, I will not go*. Idan babu ko ɗaya, sai a kira *do, does* ko *did*. "Ban tafi ba", *I did not go*.

Lura da *go* ɗin nan. Da zarar *did* ta shigo, ita ta karɓi lokaci, aikatau ya koma asalinsa. *I did not went* da *did you saw him* sun faɗi lokaci sau biyu. A wannan wuri Turanci ya yi kama da Hausa: ƙaramar kalma a gaba ta ɗauki lokaci, aikatau ya huta. Haka *does* take karɓe *s*: *he does not know*.

Tambaya a Hausa sau da yawa murya ce kawai ke canzawa, ko a sa "shin" a gaba. A Turanci sai mataimaki ya tsallako gaban mai aiki: *you are coming* ta koma *are you coming?* Ko da akwai kalmar tambaya, juyin yana nan: *where are you going?*, ba *where you are going?* ba.

Abu biyu kuma da suke haddasa rashin fahimta ta gaske, ba ta jarabawa kaɗai ba. Idan aka tambaye ka "ba ka biya ba?", kana iya cewa "e", kana nufin e, ban biya ba. Idan aka ce maka *didn't you pay?* ka ce *yes*, mai tambayar zai ɗauka ka biya. A Turanci amsa gaskiyar lamarin take bi: ba ka biya ba, *no, I didn't*, ka biya, *yes, I did*. Na biyu shi ne "kowa" da "komai". "Kowa ya zo" *everybody came* ne. Amma "ban ga kowa ba" *I did not see anybody* ne. Idan ka ce *I did not see everybody*, ka ce ne ka ga wasu ba ka ga wasu ba. Ka yi tunanin mai ba da shaida a kotu ya yi wannan kuskure.

Mataki na shida: a, an, the, da jam'i

Ana yawan cewa Hausa ba ta da waɗannan. Tana da abin da ya yi kusa da su. "Na ga wani yaro. Yaron yana kuka." *I saw a boy. The boy was crying.* Karon farko da aka ambace shi "wani" ne, wato *a*. Da ya zama sananne sai ya samu "-n" a ƙarshe, wato *the*. Duk inda za ka iya cewa yaron, motar, littafin, to *the* ce.

Bambancin shi ne Hausa tana barin suna haka nan: "na sayi littafi". Turanci ba ya barin abu tilo mai ƙirguwa ya tsaya shi kaɗai, sai *I bought a book*. Zaɓi tsakanin *a* da *an* kuwa kunne ke yin sa, ba ido ba. Ana cewa *an hour* domin ba a furta h, ana cewa *a university* domin da sautin y ta fara.

Wanda ya iya gida da gidaje, mota da motoci, littafi da littattafai, ba zai ji tsoron jam'in Turanci ba, tunda galibi *s* ce kawai, ban da 'yan kaɗan irin *men, women, children, feet, teeth*. Tarkon yana wajen ƙirga. Mukan ce "mota biyu", "shekara goma", suna yana tilo. A Turanci dole *two cars, ten years*. Sannan akwai sunayen da Turanci bai ɗauke su masu ƙirguwa ba, ko da mu muna ƙirga su: *advice, information, furniture, equipment, luggage*. Ba sa ɗaukar *s*, ba sa ɗaukar *a*. Shawarwari *some advice* ne, shawara ɗaya *a piece of advice*. A ƙamus ɗin Cambridge za ka ga harafin U a gefen irin waɗannan, C kuma a gefen masu ƙirguwa. Ka riƙa dubawa.

Mataki na bakwai: ƙananan kalmomi

"A" ɗinmu guda ɗaya ta rabu uku: *in, on, at*. Wajen lokaci, babba yana ɗaukar *in*, rana tana ɗaukar *on*, ƙarfe yana ɗaukar *at*: *in 2024, in June, on Friday, at five o'clock*. Wajen wuri ma kusan haka: *in Sokoto, on the table, at the gate*. Sauran babu wata doka da za ta cece ka, don haka kada ka haddace aikatau shi kaɗai, haɗa shi da abokin tafiyarsa: *listen to, wait for, depend on, married to, good at*. *Discuss* kuwa ba ta son *about* a bayanta.

Haka kalmominmu masu faɗi suke rarrabuwa. "Ji" ɗaya ta zama *hear* ga sauti, *smell* ga ƙamshi, *feel* ga sanyi, *understand* ga harshe. "Sha" ta zama *drink* ga ruwa, *take* ga magani, *smoke* ga taba. "Ara mini biro" *lend me a pen* ne, ba *borrow me* ba: mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa *borrow*. A rubutu kuma ka sa ido kan p da f, domin *pull* da *full*, *pan* da *fan*, kalmomi ne daban, kuma mai duba jarabawa ba zai yi maka uzuri ba.

Mataki na takwas: yadda za ka cika minti talatin ɗin nan

Minti goma na farko ka karanta da ƙarfi. Hanya mai kyau ita ce ka nemi labari ɗaya a harsuna biyu: ka karanta shi a Aminiya ko BBC Hausa, sannan ka nemi irinsa a Daily Trust. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai koma kan yadda aka gina jimlolin. Ja layi ƙarƙashin kowane aikatau ka tambayi kanka me ya sa ya ɗauki wannan siffa. Shirye-shiryen BBC Learning English ma kyauta ne, kuma suna zuwa da rubutun abin da ake faɗa.

Minti goma na biyu ka rubuta jimla biyar: biyu kan abin da ka yi jiya, ɗaya kan abin da kakan yi kullum, ɗaya kan gobe, ɗaya tambaya. Minti goma na ƙarshe na gyara ne, kuma gyara da tsari ake yin sa. Ga irin rubutun da mai koyo kan yi:

*Yesterday my brother he have go to market. He buy two goat and he did not told me. I am having many advices for him.*

Bi shi sau huɗu, kowane zagaye abu ɗaya kake nema. Zagaye na farko, mai aiki: *my brother he*, zagi ya biyo mu daga Hausa, a cire *he*. Na biyu, lokaci: an ce *yesterday*, don haka *have go* ta koma *went*, *buy* ta koma *bought*, *did* ta riga ta ɗauki lokaci, *told* ta koma *tell*, *am having* mallaka ce, ta koma *have*. Na uku, sunaye: kasuwar sananniya ce, *the market*, awaki biyu ne, *two goats*, *advice* ba ta ƙirguwa. Na huɗu, babban harafi a farkon jimla da sunayen mutane da garuruwa da ranaku, da *I* a duk inda take, da aya a ƙarshe. Sai ya fito haka:

*Yesterday my brother went to the market. He bought two goats and he did not tell me. I have a lot of advice for him.*

Duk kuskuren da ka kama, shigar da shi littafi na biyu, gurguwar jimla a hagu, gyararriya a dama. Bayan mako uku ka duba baya, za ka tarar kurakurai huɗu ko biyar ne suke ta dawowa. Su ne naka, a kansu za ka zuba ƙarfi. Sau ɗaya a mako ka kai littafin wurin wanda ya fi ka, malamin makaranta ko ɗalibin jami'a a unguwa, ka roƙe shi kada ya tsaya ga gyara kawai, ya gaya maka dalili. Matambayi ba ya ɓata. Ka kuma samu aboki ɗaya ku yi alkawarin minti goma na hira da Turanci zalla, da sharaɗin ba dariya. Tsoron a ce wane ya fasa ya hana mutane da yawa buɗe baki, kuma ina roƙon waɗanda suka iya su daina yi wa masu koyo wannan.

Game da buroka: harshe ne mai zaman kansa da dokokinsa, BBC ma ta buɗe masa sashe a 2017, kuma yana da amfani a tasha da kasuwa da barikin soja. Sai dai *I dey go* da *I don chop* tsarinsu ya fi kusa da na Hausa, ƙaramar kalma a gaba, aikatau ba ya motsi, don haka yana ƙarfafa ainihin al'adar da kake ƙoƙarin sauyawa. Ka ware masa wurinsa. Kalmominmu na gida kan samu shiga Turanci, kamar yadda ƙamus ɗin Oxford ya karɓi *okada* da *Kannywood* a Janairun 2020, amma dokar aikatau tana nan yadda take a takardar jarabawa da wasiƙar ofis.

Ranar da ka rubuta shafi guda kan yadda ka yi sallar bara, ka bi shi da zagayen nan huɗu ba ka samu kuskure fiye da biyu ko uku ba, to lokaci ya yi da za ka matsa gaba. Fara da jimlolin da Hausa ke yi da "an", irin "an kama ɓarawon", *the thief was caught*, tunda siffa ta uku ta aikatau da ka haddace ita ce kayan aikinsu. Daga nan sai jimlolin sharaɗi masu *if*, sannan yadda ake maido da maganar wani, irin *he said that he was coming*.